Ɗigo Arba'in: Sharhi A Kan Wani Saƙon Murya

Makonni uku da suka wuce wani saurayi ya tare ni a wajen mai shayi a Suk Sitta, nan Haj Yusuf. Muryata ya gane daga rediyo. Bayan mun gaisa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, don Allah saurari wannan, ka gaya mini ko gaskiya ne." Saƙon murya ne da ke yawo a WhatsApp, cikin Hausa mai daɗi. Mai maganar ya ce ɗigo arba'in na jini ne ke haɗuwa su ba da ɗigo ɗaya na maniyyi, don haka duk wanda ya yi mafarki ya tashi da janaba ya tafka asarar jini. Ya kira wannan "sirrin magabata", ya rufe da lambar waya da kuɗin kwalba. Yaron ya ce tun da ya ji saƙon barci ya ƙaurace masa.

Ina neman afuwar dattawa, maganar tana da nauyi a baki. Amma idan muka yi shiru don kunya, mai kwalba ne zai ci gaba da karantar da 'ya'yanmu.

In ba shi haƙƙinsa, mai saƙon gwani ne. Ya san inda zai ja numfashi da inda zai sassauta murya, mu ma'aikatan rediyo mun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Laifinsa shi ne ya ɓoye inda ya aro kayansa. Magabatan da yake nufi ba namu ba ne, na Indiya ne.

A likitancin gargajiya na Indiya, wato Ayurbeda, ana cewa abinci yana bin matakai bakwai a jiki: ruwan abinci, jini, tsoka, kitse, ƙashi, ɓargo, sannan maniyyi, wanda suke kira shukra. Tunda shi ne na ƙarshe, sai aka ɗauke shi a matsayin tataccen ƙarfin jiki. Lissafin ɗigo arba'in ɗin kuwa zance ne da ya daɗe a bakin mutanen can.

Masu yoga sun kai maganar gaba. Littafin Hatha Yoga Pradipika, wanda Swatmarama ya haɗa a ƙarni na 15, yana amfani da kalmar bindu, ma'anarta ɗigo. A tunaninsu akwai wata a cikin kan mutum da ke ɗigar da ruwan rai, akwai rana a wajen cibiya da ke ƙone shi, wannan ne ke kawo tsufa da mutuwa. Shi ya sa mai yoga yake juya jikinsa, kai ƙasa ƙafa sama, yana kuma tsare numfashi da sha'awa, don ɗigon ya tsaya. Abin da yake nema kuɓuta ce daga mutuwa da sake haihuwa bisa aƙidarsu. Ko Gandhi da ya ɗauki alkawarin ƙaurace wa shimfiɗa a 1906, yana Afirka ta Kudu, ibada ya ɗauke shi da horon zuciya.

A nan ne fassarar mai saƙon ta karye. Bindu ba maniyyi kaɗai ba ne. Shi ne ɗigon da ke tsakiyar zanen ibadarsu, shi ne kuma matattarar da suke ganin halitta ta ɓullo daga gare ta. Wanda ya yanke kalmar ya bar mata ma'ana guda, kamar wanda ya fassara "zuciya" da tsokar da mahauci ke sayarwa ne. Sannan Indiyawan ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. David Gordon White, a littafinsa Kiss of the Yogini na 2003, ya kawo hujjar cewa wasu tsofaffin ƙungiyoyin tantara, irin su Kaula, ba ɓoye wannan ruwa suke yi ba, baiko suke yi da shi ga abubuwan bautarsu mata. Wasu na tarawa, wasu na miƙawa. Wanne ne "sirrin"?

Akwai kuma abin da ya fi kamata ya faɗa, ya tsallake. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Indiya, Narendra Wig, ya sa wa wata larura suna Dhat: samari masu kukan kasala, ciwon baya da faɗuwar gaba, suna ganin maniyyinsu na zurarewa. Galibi idan an duba, fargaba ce ke cinsu. Turai ma ta sha wannan tsoro bayan littafin likita Tissot na 1760. Alamomin nan su ne yaron ya lissafa mini, su ne kuma a wajenmu ake jefa su duka cikin buhun "sanyi". A yau likitoci sun san cewa abin da ke fita bai cika wuce ƙaramin cokali ba, akasarinsa ruwa ne daga wasu ƙullutai na jiki, kuma jiki na sabunta shi kullum. Babu jinin da ke raguwa.

A ɓangaren addini ma saƙon bai da madogara. Malikiyya sun ce maniyyi najasa ne, Shafi'iyya sun ce mai tsarki ne, amma dukkansu sun tafi a kan cewa mafarki ba zunubi ba ne, wanka kawai ya wajaba. Saurayin da ke neman kame kai an nuna masa aure, in bai samu iko ba, azumi.

Ba ina zagin Indiyawa ba ne. Mun girma da finafinansu, 'yan kasuwarsu sun daɗe a Umdurman, kuma littattafansu sun cancanci a karanta su a matsayin nasu. Abin da na ƙi shi ne a cire musu suna, a sa musu rawani, a sayar wa yaro da tsoro.

Na ce wa saurayin ya goge saƙon, idan ciwon bayan ya ci gaba ya ga likita. Ya yi dariya ta farko tun zamanmu, ya ce, "To Yaya, kuɗin kwalbar fa da na riga na tura?" Wannan kam ban da amsarsa, sai na biya masa shayi.