Aron Waƙa: Daga Jitar Hendrix Zuwa Kuntigin Ɗanmaraya Jos

Manazarta waƙar baka sun daɗe suna muhawara a kan mawaƙin da ya ɗauki waƙar wani ya sake rera ta: shin fasaha ce, ko kuwa kwaikwayo kawai? A ganinmu, amsar tana ga abin da ya ƙara mata.

A shekarar 1968, makaɗin jita ɗan Amurka, Jimi Hendrix, ya sake rera "All Along the Watchtower", wadda Bob Dylan ya fitar a 1967. Baitocin na Dylan ne, amma jitar Hendrix ce ta fito da fargabar da ke ƙunshe cikinsu, har daga baya Dylan da kansa ya koma rera ta bisa salon Hendrix.

Wannan misali ya shafe mu a nan Jos, domin matasan mawaƙa suna iya sha'awar sake rera waƙoƙin Alhaji Adamu Ɗanmaraya (1946-2015) da kayan kiɗan zamani. Shi ma Ɗanmaraya aro ya yi: ya ɗauki salon yabo irin na fada, ya mayar da shi ga talaka, kamar yadda muka gani a "Waƙar Karen Mota". Ba shi da 'yan amshi. Kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya shi ke karɓa masa tsakanin baiti da baiti.

Saboda haka, duk wanda ya maye gurbin kuntigin da fiyano ba tare da ya samar wa waƙar sabon mai amshi ba, ya ɗauki gangar jiki ya bar ruhi. Zanen aro dai ba ya rufe katara.