Hannun da ya san halin AK-47

Sabon ɗan wasan Counter-Strike da hannunsa ake gane shi. Da ya hango abokin gaba sai ya danne kunama yana gudu, harsashi talatin su ƙare a jikin bango, shi kuma a kwantar da shi da guda ɗaya. Gwani kuwa tsayawa yake yi tukuna.

Wannan tsayuwar ita ke burge ni. A wasan nan, wanda Minh Le da Jess Cliffe suka ƙirƙiro a 1999 daga cikin wasan Half-Life, saiti ba ya zama daidai matuƙar ƙafa na motsi. Don haka in gwani yana tafiya hagu, sai ya ɗan taɓa madannin dama, jikinsa ya tsaya cak, a daidai wannan ƙiftawar ido harsashi ya fita. Tun kafin ya kai kwana ya riga ya ajiye saitinsa a tsayin kan mutum, saboda AK-47 harbi ɗaya a ka ya ishe ta, ko da an sa hular kwano. In kuma faɗa ya zama na kusa, ya san halin bindigarsa: harsasan farko sama suke hawa, daga baya bakin bindigar ya fara karkata hagu da dama. Sai ya riƙa jan linzamin kwamfuta ƙasa a hankali, kamar mai lallashin doki mai gardama. Watanni ake yi kafin hannu ya haddace wannan, kuma sai an sha kashi ba adadi.

Kunne ma yana aiki. Mai gudu takunsa na tona masa asiri, mai danne Shift yana tafiya shiru. Tsohon hannu a filin Dust2 kan ji taku ta bayan bango ya faɗa wa abokansa huɗu ta inda za a ɓullo.

Filin nan David Johnston ne ya zana shi a 2001, kuma har a Counter-Strike 2 na 2023 ana fafatawa a cikinsa. Ina ganin dalilin a fili yake. Kowa da dala 800 ta kuɗin cikin wasa yake fara zagayen farko, wanda ya shekara ashirin yana bugawa da wanda ya zauna jiya. Ba a sayen ƙarfin bindiga da kuɗin aljihu, daɗewa ma ba ta ƙara mata komai. Wanda ya kayar da kai, da irin abin da ke hannunka ya kayar da kai, shi ya sa kake sake zama don wani zagayen.