Muryar Tauraro a Ƙagaggen Labari: Darasi Daga Wasannin Rediyon Kaduna

Duk malamin da ya taɓa duba rubutun ɗalibai ko na matasa masu sha'awar ƙaga labari zai shaida cewa inda suka fi tuntuɓe shi ne wajen gina taurari. Jigo yakan fito sarai, zubi ma ba laifi, amma mutanen da ke cikin labarin sai ka same su kamar hotunan kalanda. Za a ɓata shafi guda ana siffanta yarinya, tun daga idanu da hanci har tsadar atamfarta, amma da ta buɗe baki sai ka ji maganarta daidai da ta mahaifinta, daidai da ta direban gidansu, daidai kuma da ta marubucin kansa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mai karatu yana gaskata tauraro ne ta kunne kafin ido, kuma babu inda aka gwada wannan a fili kamar gidan rediyon Kaduna.

Wannan matsala tana da asali. Labaranmu na farko na boko, wato waɗanda gasar 1933 ta Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East ta haifar, sun gaji abubuwa da dama daga tatsuniya, inda Gizo ba ya sake hali, Ƙoƙi ma haka. Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja yadda aka fara da su haka aka gama, kuma wannan bai rage wa littafin armashi ba, domin ban dariya da yawon duniya ne abin nema a ciki. A Jiki Magayi ne aka ga mutum yana sauyawa a gaban idon mai karatu: Abubakar, wanda Malam Shehu ya raba shi da Zainabu da ƙarfin dukiya, ya tashi daga masoyi ya koma mai neman fansa. E. M. Forster, a laccocinsa na 1927 a Jami'ar Kambirij, ya kasa taurari gida biyu: mai hali ɗaya tak, da wanda ke iya ba mai karatu mamaki ba tare da ya ƙaryata kansa ba. Rabon yana da amfani ga ɗalibi, sai dai bai gaya wa sabon marubuci inda zai fara ba.

Amsar tana kusa da mu. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talbijin na Jihar Arewa a Kaduna, wanda ɓangarensa na rediyo ya koma ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya a 1978. Marubucin wasan rediyo ba shi da fuska ko tufa da zai nuna. Idan mutum uku suna magana a ɗaki, dole mai sauraro a Kawo ko Unguwar Rimi ya rarrabe su da jin kalma ɗaya ko biyu, in ba haka ba ya murɗa akwatinsa. Wannan tilas ita ta horar da irin su Alhaji Yusuf Ladan, mai Zaman Duniya Iyawa Ne, wanda aka daɗe ana saurare kafin a buga shi littafi. Kaduna kuwa gari ne da ya dace da irin wannan horo. Tun da aka mai da ita hedikwatar Arewa a 1917, ta tara ma'aikatan gwamnati da 'yan reluwe da sojoji da 'yan kasuwa daga ko'ina, kowa da irin Hausarsa. Bazazzagi da Basakkwace da Banufe da Bayarabe suna ciniki a kasuwa ɗaya, kuma ɗan garin yana iya faɗa maka asalin kowannensu ido a rufe.

Fitaccen misali shi ne Samanja Mazan Fama, wanda Usman Baba Pategi ya ƙaga kuma ya fito a matsayinsa a rediyo da talbijin na Kaduna. Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, kuma wannan shi ne sirrin abin. Hausar Samanja ta bariki ce, cakuɗe da Turancin fareti, ana jefo ta da tsawa. Amma idan aka lura za a ga cewa cakuɗar tana da ƙa'ida. Turancin yana fitowa ne a inda mutumin yake son nuna iko ko kare girmansa. Wato harshen yana bayyana matsayinsa: yana sama da ƙananan sojoji, yana ƙasa da hafsoshi, ilminsa na boko kaɗan ne, amma sanin aikinsa ya fi na da yawa daga masu ba shi umurni. Ba a taɓa tsayar da wasa an karanta mana wannan bayani ba. Mun ji shi ne a bakinsa, shi ya sa har yau tsofaffin sojoji sukan ce sun san wani samanja irinsa.

A nan ne kuma ya kamata a yi hattara, domin na ga matasa da dama sun ɗauki darasin a baibai. Sai su kawo Bayarabe ko Inyamuri ko Bagwari cikin labari, su karya masa Hausa, su ɗauka sun gina tauraro. Abin da suka gina abin ba'a ne kawai, kuma a gari irin Kaduna, wanda rikicin 2000 ya raba mazaunansa tsakanin arewa da kudancin kogi, irin wannan ba'a ba ƙaramin ganganci ba ce. Gurɓatacciyar Hausa kaɗai ba ta isa ta zama hali ba. Abin da ya raya Samanja shi ne akwai abin da yake so da abin da yake tsoro, kuma maganarsa daga nan take fitowa.

Bari mu gwada da misali na ƙirƙira. A ce marubuci yana son ya kawo tsohon masinja da ya yi ritaya, yana zaune a Unguwar Shanu, fanshonsa ya makale wata da watanni. Sabon hannu zai rubuta cewa dattijo ne mai haƙuri da tsoron Allah, ya wuce. Wanda ya saurari mutane zai san cewa irin wannan dattijo yana da baki uku. A ofis, gaban akawun da bai kai ɗansa ba, zai ce ranka ya daɗe, yana murmushin da bai kai ciki ba. A majalisar ƙofar masallaci zai riƙa ba da labarin zamanin da shi ke kai fayil ofishin Firimiya, yana ƙara gishiri kaɗan. A gida kuwa, idan uwargida ta tambayi kuɗin cefane, zai yi faɗa a kan an bar fitila a kunne. Bai ambaci talauci ko sau ɗaya ba, amma mai karatu ya gan shi, ya kuma ga kunyar da ke tare da shi. Idan daga baya dattijon nan ya sayar da rediyonsa a ɓoye, ko ya karɓi abin da bai kamata ba, za a gaskata, domin an riga an ji inda yake masa ciwo.

Wani zai ce littafi ba rediyo ba ne, yana da damar shiga zuciyar tauraro ya faɗi tunaninsa. Haka ne, kuma littattafan gasar Kamfanin NNPC da aka buga a 1980, irin su So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, sun yi amfani da wannan dama. Sai dai dama ce da ke saurin zama mafakar malalaci, inda marubuci zai yi ta wa'azi da bakin tauraronsa. Gwajin da nake ba ɗalibai mai sauƙi ne: a ɗauki shafi na hira, a goge sunayen masu magana, a karanta wa wani da babbar murya. Idan ya kasa gane wa ke magana, sai a koma a sake shafin. A aji na ƙarshe da na yi wannan gwaji, yawancin shafukan sai da aka sake su, har da guda biyu da ni na rubuta.