Jan Adas a Tukunyar Matsi: Abin da Tukunya Ta Karɓa da Abin da Ta Bar wa Hannu

A gidajen Indiya da Fakistan da Bangaladash da Nefal akwai wata ƙara da kunne ya saba da ita, da hantsi da kuma gab da magariba, wato fiton tukunyar matsin tururi. Sau da yawa abin da ke cikinta dal ne, miyar da ake yi da ɓarzajjen wake ko danginsa, a ci da shinkafa ko da gurasar alkama da suke kira roti. Cikin dangin nan akwai jan adas, wanda suke ce wa masur, ƙananan ƙwayoyi masu faɗi da aka sussuke ɓawonsu aka raba su biyu, launinsu ja-ja kamar na goro, amma da sun dahu sai su koma rawaya. Adas ba baƙo ba ne ga mai karatun Alƙur'ani, domin an ambace shi a Suratul Baƙara tare da albasa cikin abincin da Bani Isra'ila suka roƙa, kuma Hausawan Sudan da alhazan da suka zauna a Makka sun san miyarsa. Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne, tukunyar matsi ta samu gindin zama a girkin dal ne saboda girkin tun asali aiki biyu ne a rabe, dafawa daban, suyar kayan ƙamshi daban. Tukunyar ta karɓi aikin farko, wanda wahala ce zalla, ta bar na biyu, inda gwaninta take. Duk wanda ya ɗora mata aikin biyu a lokaci guda ya ɓata miyar, ko da ta yi laushi.

Tukunyar ba a Asiya aka ƙirƙiro ta ba. Wani Bafaranshe mazaunin Landan, Denis Papin, shi ya ƙera ta farko a 1679, har da bawul ɗin da ke fitar da tururi idan ya yi yawa. Hikimarta ba ta da wuyar fahimta. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, komai yawan wutar da aka iza masa, domin da ya kai nan sai ya zama tururi ya gudu. Idan aka toshe masa hanya, matsin ya hau, sai ruwan ya ƙi tafasa sai ya kai kusan digiri 120, kuma wannan ƙarin zafin shi ke sa abin da zai ɗauki awa guda ya nuna cikin kwata. A Indiya kamfanoni biyu ne suka shigar da ita gidaje tun daga shekarun 1950: TTK mai tukunyar Prestige, da Hawkins wanda H. D. Vasudeva ya kafa a 1959. A Turai da Amurka ta yi tashe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ta dusashe da zuwan abincin daskararre da na'urar ɗumama abinci. A Kudancin Asiya kuwa ba ta taɓa dusashewa ba, kuma dalilin a bayyane yake: mutanen da yawancin furotin ɗinsu daga wake da danginsa yake fitowa, kullum ranar Allah sai sun tausasa busasshiyar ƙwaya, kuma kullum sai sun biya kuɗin makamashin yin hakan. Indiya ce kan gaba a duniya wajen noma wannan dangi, ita ce kan gaba wajen cinsa, duk da haka ba ya isarta, sai ta sayo ƙari daga waje, musamman adas daga lardin Saskacawan na Kanada da kuma Ostareliya.

Yadda ake girkin shi ne hujjar farko. Ana wanke adas har ruwan ya daina yin fari, a zuba gwangwani ɗaya da ruwa kamar gwangwani uku, a sa gangamau da gishiri, wasu su ƙara ɗanyen barkono ko yankan citta, a rufe a ɗora. Idan ta yi fito biyu ko uku sai a kashe wuta a bar ta ta huce da kanta, a buɗe a burge da ludayi. Wanda ya ɗanɗana abin da ke cikin tukunyar a wannan gaɓa zai ji salam, kamar kunu mai gishiri. Miyar ba ta zama miya ba sai an yi abin da ake kira tarka, ko cauk a wasu yankunan arewacin Indiya, ko foron a ƙasar Bengal. Ana ɗora ɗan ƙaramin kasko, a narka man shanu ko a zafafa man mustad, a jefa 'ya'yan kayan ƙamshin da suke kira jira ko ƙwayar mustad su fara tartsatsi, a bi su da tafarnuwa da busasshen barkono, wani lokaci da ɗan hing, wani ƙaro mai ƙarfin wari da ke komawa kamar albasa idan ya ji mai. Cikin ƙasa da minti ɗaya ko biyu sai a juye kaskon duka a kan dal, ya yi cuu, a yi maza a rufe. A nan bambancin gari da gari yake fitowa. Mutanen Bengal suna da haɗin iri biyar, ciki har da hulba da habbatussauda. Mutanen kudancin Indiya ba sa rabuwa da ganyen kori da mustad. A Fanjab albasa da tumatir da tafarnuwa ake soyawa har su yi ja. Dafaffen adas ɗin kusan iri ɗaya ne daga Lahor zuwa Dakka, kaskon ne ke faɗa maka gidan wa ka shiga.

Akwai dalili na zahiri da ya sa tukunyar ba za ta iya wannan aikin ba. Yawancin sinadaran da ke ba jira da barkono da tafarnuwa ƙamshinsu a mai suke narkewa, ba a ruwa ba, kuma mai a kasko yana kaiwa zafin da ya haura digiri 160, inda ƙwaya ke fashewa, tafarnuwa ta yi ja, sabon ɗanɗano ya samu wanda babu shi a ɗanyen abin. Ruwa ko a ƙarƙashin matsi bai kai nan ba. Bugu da ƙari, ƙamshi abu ne mai tashi, kuma kowane fito da tukunyar ta yi wani ɓangarensa ne ya bi tururi ya fita, shi ya sa maƙwabci kan fi mai gida morar ƙamshin abin da aka zuba tun farko. Za a ce ai mata da yawa a Indiya a cikin tukunyar suke soya albasa da tumatir kafin su zuba adas su rufe, kuma miyarsu tana daɗi. Gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne, domin soyayyar albasa tana jure dahuwa, tana ba miya jiki. Amma ko a nan suyar a mai aka yi ta, murfi a buɗe, ido na kallo, kuma gwanayen cikinsu ba sa fasa ƙaramin tarka na ƙarshe. Abin da nake ƙi shi ne salon da ya yaɗu a Turai da Amurka tun bayan fitowar tukunyar lantarki ta Instant Pot daga Kanada a 2010, inda ake zuba adas da garin kori da tumatirin gwangwani da madarar kwakwa gaba ɗaya a danna maɓalli. Abin da ke fitowa yana ƙosarwa, amma kowane cokali ɗanɗanonsa ɗaya da na bayansa, babu wannan man mai ƙamshi da ke yawo a sama, wanda ke sa loma ɗaya ta zo da tafarnuwa, ta gaba ta zo da zafin barkono. Kuma tsami, na tumatir ne ko na tsamiya, yana jinkirta laushin wake, saɓanin kanwa da muke jefa wa namu waken don ya yi saurin nuna, saboda haka ko ta fuskar dahuwa zuba shi tun farko ba dabara ba ce.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ke cewa jan adas ba ya bukatar wannan tukunya sam. Ba shi da ɓawo, ba a jiƙa shi, kuma a tukunyar yau da kullum minti ashirin ya ishe shi. Idan aka haɗa lokacin da tururi ke ɗauka kafin ya taru da lokacin da ake jira ya huce, ribar ba ta taka kara ta karya ba, ba kamar danginsa irin su tur ko cana ko jan waken rajma ba, waɗanda kan cinye awa ɗaya ko fiye. Na yarda da lissafin, amma agogo kaɗai ya duba. Wutar da ake kunnawa minti biyar ko bakwai a kashe, sauran dahuwar ta ƙarasa da zafin da ke ƙunshe a ciki, ba daidai take da wutar minti ashirin ba ga matar da ke lissafin ranar da tukunyar gas za ta ƙare. Miliyoyin irin waɗannan mata ba su daɗe da barin itace da busasshen kashin shanu ba, da yawansu ta hanyar shirin Ujjwala da gwamnatin Indiya ta ƙaddamar a 2016 don ba matalauta gas ɗin girki, kuma sake cika tukunyar gas ɗin nauyi ne a kansu. Sannan buɗaɗɗen adas yana kumfa, yana tafasowa ya zube, yana kamu a gindi, dole a tsaya a kansa. Rufaffe kuwa ya 'yantar da hannu, a daidai lokacin ake murza roti, a yanka albasar tarka. A tsaunukan Nefal da Ladak kuma maganar ta wuce zaɓi, domin iska ba ta da nauyi a can, ruwa na tafasa tun bai kai digiri 100 ba, wake ya daɗe a wuta bai nuna ba, tukunyar matsi ce ke mayar wa ruwan zafin da tsauni ya ƙwace masa.

Batun haɗari ma ba ƙage ba ne. Kumfar adas tana iya toshe kafar tururi, kuma an sha samun fashewar tukunya a Indiya, musamman lokacin da jabun kayan gyara suka cika kasuwa. Wannan ne ya sa T. T. Jagannathan na kamfanin TTK ya fito da dabarar da ke sa robar murfi ta turo waje ta saki tururi idan sauran hanyoyin sun toshe, yayin da tukunyar Hawkins ta gargajiya murfinta daga ciki yake kamawa, ba ya buɗuwa muddin akwai matsi. Su kuma masu girki suna da nasu ka'idojin: kada dal da ruwansa su wuce rabin tukunya, a ɗiga ɗan mai don ya kwantar da kumfa, a ɗaga murfi a leƙa kafar tururi kafin a rufe. Ƙirga fito, wanda shi ne ma'aunin da uwa ke koya wa 'yarta, ba shi da tabbas a kan takarda, domin girman tukunya da ƙarfin wuta suna sauya shi, masu ƙera tukunyar ma sun fi son a duba agogo. Amma mace da tukunyarta ɗaya da murhunta ɗaya shekara goma, fito ukunta ba ya kuskure, kuma kunne na iya ƙirgawa daga ɗaki ko daga bakin famfo.

Masu kewar zamanin da suna cewa dal ɗin tukunyar ƙasa a kan itace ya fi daɗi, kuma a wasu nau'o'in suna da gaskiya. Dal makhani na Fanjab, wanda ake yi da baƙin urad mai ɓawo, daɗinsa daga doguwar dahuwa a kan wuta kaɗan-kaɗan yake zuwa, gajartawa na rage shi. Jan adas ba haka yake ba, domin da ya narke ya gama ba da abin da yake da shi, ƙarin awa ba ya ƙara masa komai sai ƙauri. Ƙamshin hayaƙin ma akwai hanyar samunsa ba tare da an shaƙe huhun kowa ba, ita ce dungar: a sa garwashi a ɗan kwano a tsakiyar miya, a ɗiga masa man shanu, a rufe na ɗan lokaci.

Siri Lanka ta ba da hujja daga ɗaya gefen. Can jan adas, wanda suke kira parippu, kusan ba ya barin kwanon shinkafa, duk da cewa daga waje ake shigo da shi. Amma girkinsu bai rabu biyu sarai kamar na Indiya ba. Adas ɗin yana dahuwa tare da albasa da gangamau da ganyen kori da ganyen rampe, sannan a zuba madarar kwakwa a bar ta ta shiga jikinsa a hankali, kuma da yawa sun fi son ƙwayar ta yi laushi ba tare da ta narke ta zama kunu ba. Madarar kwakwa mai kauri tana tsinkewa idan zafi ya yi mata yawa, ƙwaya kuma tana bukatar a riƙa dubawa, abu biyun da rufaffen murfi ba ya bari a kula da su. Saboda haka a gidaje da yawa na tsibirin har yanzu a buɗe ake dafa parippu, wani lokaci a kaskon ƙasa, ko da tukunyar matsi tana nan a kan kanta ana jiran ranar dafa nama ko cana.