Tarihin Kaka a Bakin Jika

Idan dattijon da ya daɗe a duniya ya rasu a ƙasar Hausa, kalaman da za a faɗa a kansa kusan kowa ya haddace su. Sanarwar rediyo za ta ce ya cika yana da shekara ɗari da 'yan kai, ya bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. A zaman makoki a ce mutum ne mai haƙuri da zumunci, sallar jam'i ba ta wuce shi. Jikan da ya yi boko kuma ya rubuta a jarida cewa kakansa ya tashi a ƙauye cikin rashi, ya yi noma, ya jure har Allah ya albarkace shi da zuri'a. Galibi gaskiya ne, kuma addini ya hore mu da ambaton alherin mamaci. Abin da ke damuna shi ne wannan yabo zai zauna daram a kan kowane tsoho daga Damagaram har Zazzau. Shi mutumin da aka rasa ba ya ciki.

A fara da shekarun. Tsohon ƙauye ba shi da takardar haihuwa, kuma bai taɓa buƙatarta ba. Ɗarin da ake ba shi sau da yawa girmamawa ce. Ko an ƙidaya ma, sai an san da wace shekara aka yi lissafin, domin shekara 100 ta Miladiyya ta kai 103 ta Hijira. Shi kuwa da abubuwan da suka faru yake auna rayuwarsa: ana goyonsa aka naɗa sarki wane, an yi masa kaciya shekarar fara, ya yi auren fari bayan yunwa kaza. Wannan lissafi ya fi lamba amfani, amma shi ne abin da marubutan ta'aziyya suka fi saurin zubarwa.

Ɗauki wanda aka haifa a 1926, shekarar da Abdullahi Bayero ya hau gadon sarautar Kano. Yana rarrafe aka yi yunwar 'Yan Buhu ta 1927, kuma ya tashi yana jin iyayensa suna labarin Kakalaba ta 1914. Yana saurayi aka shiga yunwar 'Yar Gusau ta 1942, lokacin da ake ɗibar matasa daga ƙauyuka zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, wasu kuma aka kai su yaƙin Bama. Gyaɗar da ya nome tana cikin buhunan da aka yi dala da su a Kano. A hannunsa fam da sule suka zama naira da kwabo a 1973, yana tsaka da fama da farin da ya ƙarar da dabbobi. Yana magidanci babba Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979. Idan aka dunƙule duk wannan aka ce "ya sha wahala, ya yi haƙuri", an yi masa rowar tarihinsa.

Me ya sa galibi jika ne ke ɗauko labarin, ba ɗa ba? Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, musamman ɗan fari, wanda uban ba ya ko kiran sunansa. Ɗa ba zai zauna ya titsiye mahaifinsa da tambayar yadda ya nemi aure ba, ko dalilin da ya sa ya fita daga gandun gidansu. Jika kuwa abokin wasa ne. Zai ce wa kakansa "tsoho, yaushe za ka sakar mini matata?", a yi dariya, daga nan hira ta ɓalle. Ta wannan ƙofa ake jin tafiyar cin rani a ƙasa, da kwanan zaure a garin da ba a san kowa ba, da gonar da aka jinginar don biyan haraji. Abin takaici, jikan da ya ji waɗannan a kan tabarma, da ya ɗauki alƙalami sai ya koma yaren sanarwa.

Muna da misalin abin da ake samu idan aka bar tsoho ya yi magana da bakinsa. Tsakanin 1949 da 1950, Mary Smith ta zauna da Baba mutuniyar Karo a Giwa ta ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa, littafin ya fito a 1954. Baba ba ta kai ɗari ba, ba ta kuma da sarauta, amma ta bakinta aka ji harin masu kamun bayi, da zaman rinji, da aure da saki da ƙawance, dalla-dalla yadda littattafan tarihin sarakuna ba su kawo ba. Kafin ita akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, ya bi wani Bature matafiyi mai suna Barth zuwa Turai, ya kuma ba J. F. Schön labarinsa da Hausa. Dukansu biyu baƙi ne suka ga darajar maganarsu har suka rubuta. Wannan ya kamata ya taɓa zuciyarmu.

Akwai kuma abin da muke ɓoyewa da gangan. Sai a 1936 doka ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya, wato kakan da muke magana yana ɗan shekara goma. A gidaje da yawa, "ya tashi cikin rashi" labule ne da aka saki a kan asalin da zuri'a ba ta son a tono. Na fahimci wannan kunya, kuma ba na ganin jika yana da ikon fallasa abin da kakansa ya rufe. Amma yunwa da ƙwadago da dako ba abin kunya ba ne, su ma kuwa ana share su.

Mai son rubuta tarihin kakansa ya tambaye shi tun yana raye, ya ɗauki muryarsa ko da a waya, kuma ya yi tambayar da ke da amsa: wa ya koya maka riƙon garma, nawa kuka biya haraji shekarar aurenka, me kuka ci da hatsi ya ƙare a rumbu. In kuwa tsohon ya riga ya kwanta dama, a nufi cikin gida wajen tsofaffin mata. Su ne ke riƙe da lissafin wanda ya girmi wani, da wanda aka yaye tare da wa, da sunan ƙauyen da aka baro.