Kowa Ya Zama Klopp a Football Manager

Ƴan fada, ku yi mini haƙuri, yau sai na faɗa. Daga Babankatami har Madawa da Buza, duk wanda ya nuna mini yadda ya jera ƙungiyarsa a wasan Football Manager, abu ɗaya nake gani: 4-2-3-1, Gegenpress, a matsa, a ƙwace, a ruga. Tun da kamfanin Sports Interactive mai wasan ya sa wannan salo cikin shiryayyun dabarun FM19 a 2018, kowa ya zama Klopp, tsohon kocin Liverpool. Ka danna sau ɗaya, ka ɗauki kofi, ka zo wajen shayi kana cika mana baki. Wace horarwa ka yi, abokina?

Abin da ke ci mini rai, wasan ba ya sa mai wannan salo ya ɗanɗana kuɗarsa. Yaranka na gudu minti 90, Laraba da Asabar, kaka guda cur, gajiyar ba ta kai ta kawo ba. Ka canza mutum biyar, magana ta ƙare. Wanda ya taɓa buga tamola a filin Keita cikin zafin Afrilu ya san huhu ba ya haka.

To ka gwada ja da baya ka tsare gida, sai su yi ta ɗirka maka har ɗaya ta shiga. Alhali a gasar cin kofin duniya ta 2022 Walid Regragui ya jera Maroko a 4-1-4-1, ya bar wa Spaniya ƙwallo ta yi ta juyawa, ya fitar da ita a bugun fenariti, ya ci Fotugal 1-0, ya kai wasan kusa da na ƙarshe. Wannan ba dabara ba ce? Kuma lokacin da Mena ta Nijar ta doke Masar 1-0 a Yamai a 2010 da ƙwallon Moussa Maazou, koci Harouna Doula da yaran da ke hannunsa ya yi aiki, bai aro na Liverpool ba.

Na yarda, Gegenpress na da daɗin kallo, kuma tana da rauni: doguwar ƙwallo bayan masu tsaron baya, ga ɗan gaba mai gudu, an gama da kai. Sai dai kwamfuta ba ta cika cin gajiyar wannan ɓarakar ba, shi ya sa kowa ya miƙe ƙafa.

Ku ɗauki ƙaramar ƙungiya marar kuɗi, ku duba ƙafar kowane yaro, ku gina tsari a kanta, sannan ku kawo mini in gani.