Maganin feshi da kansar kaluluwa: kada a yi saurin ɗora wa gado laifi

Idan ka taɓa zama da masu feshi a gonakin masara da auduga na Funtua ko Malumfashi, ka san maganar: "Ni jikina ya saba da magani." Akwai wasu bincike-bincike da idan ka karanta su a gurguje, sai ka ɗauka sun gaskata su.

Hanta na da sinadarai da ke kama guba su sauƙaƙa fitar da ita daga jiki. Biyu daga ciki su ne GSTM1 da GSTT1. Wasu mutane ana haifarsu babu ƙwayar gadon da ke samar da ɗayansu. A Turawa kusan rabi ba su da GSTM1. Sai masana suka tambaya: ko irin waɗannan sun fi kamuwa da limfoma, wato kansar kaluluwa?

Tambayar ta yi. Amsoshin ne ban gamsu da su ba. Yawanci mutane 'yan ɗaruruwa aka gwada, wannan ya ce akwai alaƙa, na gaba ya ce babu. Da aka binciki gadon dubban marasa lafiya baki ɗaya, alamar da ta fi fitowa a yankin HLA take, na garkuwar jiki. Kuma galibi Turawa da 'yan Asiya aka ɗebi jininsu. Rashin GSTM1 a Afirka bai kai na Turai yawa ba, don haka ɗora lissafinsu a kan manomin Bakori ganganci ne.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, da yawansu ba su auna gubar da ta shiga jikin mutum ba. To in babu dattin, me rashin mai wankin zai nuna? A 2015 hukumar IARC ta tabbatar cewa lindane, sinadarin da ke cikin Gamalin 20, yana jawo limfoma. Glyphosate, maganin ciyawar da ke cika shaguna da damina, ta ce mai yiwuwa ne, duk da cewa a 2018 wani bincike a Amurka kan masu feshi sama da 54,000 bai ga alaƙar ba. Ga kuma limfomar Burkitt a yaranmu, mai nasaba da zazzaɓin cizon sauro da ƙwayar cutar EBV, lamarin da lissafin Turai bai ɗauka ba.

Binciken da zai yi mana amfani a nan sai ya faro daga jarkar magani: wane iri ne, damina nawa ana fesa shi, da hannu ake gaurayawa ko da safa, sannan a zo kan ɗibar jini.